Sakkwato zuwa Maiduguri a jirgi: ka auna kafin ka yanki tikiti

Wani maƙwabcina a Unguwar Rimi ta Kaduna yana da ɗaurin aure a Sakkwato ranar Asabar, da taro a Maiduguri safiyar Litinin. Ya duba waya, ya ga tsakanin filayen jirgin biyu kilomita 860 ne da 'yan kai, ya ce mini, "Alhaji, ai tafiyar awa ɗaya da rabi ce." Na ce haka ne, in har ka samu jirgin da zai miƙe da kai.

Da wuya ka same shi. Daga filin Sultan Abubakar III na Sakkwato sai ka sauko Abuja, wajen kilomita 490, sannan ka sake hawa ka nufi gabas, wajen 710. Ka ga an tashi 1,200 ke nan, kuma tikiti biyu za ka biya.

In Abujar za ka bi, ka fara neman kamfani ɗaya mai zuwa garuruwan biyu. Idan jirgin farko ya makara, kana da bakin magana a kantarsu. Kamfani biyu kan fi araha wani lokaci, amma na biyun ba ruwansa da abin da ya tsare ka: ka rasa jirgi, ka biya kuɗin sauya rana, ga kuɗin masauki. Ga kuma jaka, sai ka jira ta fito, ka ja ta, a sake ɗora ta a sikeli. Ni dai ba na yarda da tazarar da ta gaza awa huɗu. A lokacin hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, hazo kan hana jirgi sauka a garuruwan nan biyu, don haka kwana a Abuja ya fi mini kwanciyar hankali.

Mota ita ce mai sauƙin kuɗi. Ta Gusau, Kano, Potiskum da Damaturu, tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma da halin da hanyoyin suke ciki ba mai son dare ya same shi. Ka ƙaddara kwana biyu.

Mu mutanen Kaduna muna da wata dabarar. Ba dole ka haɗa garuruwan a tafiya ɗaya ba. Ka dawo gida ka huta, ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu da ke Abuja, ka kama jirgin saman Maiduguri washegari. Sai dai wannan ta mai kwanaki a hannu ce.

Maƙwabcin nawa ba shi da su. Ya tashi daga Sakkwato ranar Lahadi, ya kwana wurin ƙanwarsa a Kubwa, ya roƙi masu taron su mayar da jawabinsa bayan azahar.