Firiza ta kwance ko firji mai ƙofa biyu, in dai na hannu ne

'Yar uwa mai tambayar wanne za ki ɗauka tsakanin firiza ta kwance da firji mai ƙofa biyu na hannu, ni dai ba zan ja ki da nisa ba, ki ɗauki firizar kawai.

Tawa ta hannu ce, shekara shida kenan tana wurina, ranar da aka sauke ta har da lotsawa a murfi da tsatsa a ƙafa ɗaya, maigidan ya yi ta min dariya wai na kwaso tsohuwa na kawo gida jinya, to wallahi har yau mai gyara bai taɓa kwance bayanta ba. Akwai lokacin da wuta ta lalace mana kwana biyu cur, na hana kowa ɗaga murfin, da aka gyara na buɗe gabana na faɗuwa, komai na nan daskare kamar dutse. Kin ga sanyi nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, ita kuma ta sama ake buɗe ta shi ya sa ba ya tserewa, in a cike take ba a buɗewa tana iya riƙe kaya wajen awa 48, ɓangaren ƙasa na firji kuwa awa 4 ne ya fara sakin jiki. Ga shi ba ta da tarkace a ciki, daga kwamfuresa, wato injin da ke kawo sanyin, sai abin daidaita sanyi. Aibinta dai sai kin sunkuya kin yi ta tono kafin ki ga abin da ke can ƙasa, kuma ƙanƙara na taruwa, ki kashe ta ta narke da kanta, kar ki kuskura ki sa wuƙa ki ɓamɓara, huda bututun gas za ki yi.

Firjin kam eh yana da kyan jera kaya, iyakarsa kenan. Na taɓa sayen irin wanda ba ya tara ƙanƙarar nan, wata uku bai cika ba fanka ta mutu, aka gyara, hitar da ke narkar da ƙanƙarar ta biyo baya, na gaji na bayar.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, masu sayar da kayan nan wasunsu ba sa tsoron Allah. Za su ɗura gas a wanda ke yoyo ya yi sanyi mai kyau a gabanki, sati biyu ya zama kabad. Wani kuma tun dare zai jona ta ko ya cusa ƙanƙara ya kwashe kafin ki zo. Ki ce a kashe ta huce, a kunna a gabanki ki zauna ki jira, ki ji ko kwamfuresan na ɗauka yana ajiyewa da kansa ko ƙas-ƙas kawai yake yana katsewa. Ki leƙa baya, in kin ga maiƙo a mahaɗar bututu ko sabon walda to an taɓa ta. Ki sa takarda a bakin murfi ki rufe ki ja, in ta zare salin-alin robar bakin murfin ta mutu. Sannan ki karanta 'yar takardar da ke manne a baya, in kin ga R12 ki bar musu abinsu, tsohon gas ne da aka daina yinsa tuntuni, R600a ko R134a ake so. Ki duba ma ƙarfin wutar da take ɗauka, ko 110 ce ko 220, kar ki kai gida ki jona ta ƙone.

Dan Allah ki tafi da mai gyaran da ke kika nemo, ba wanda mai kayan zai ce bari ya kira miki ba. In an kawo kuma a tsaye za a ɗauko ta, ki bar ta ta zauna kamar awa huɗu kafin ki jona, in an kwantar da ita a mota ma ki bari sai washegari.