Marvel ko DC: Amsa ga Mai Neman Inda Zai Fara

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka fara saya tsakanin finafinan Marvel da na DC, kamfanoni biyu na Amurka masu labaran jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Tunda ka ce kuɗin kashi ɗaya ne a hannunka, kuma tare da iyali za ku kalla, to Marvel za ka ɗauka, ka bar DC sai wani jiƙon. Duka biyun ina da su a gida, amma ɗaya ne kawai yara suke roƙo a sake kunna musu.

Abin da ya fifita Marvel shi ne an gina finafinansu tamkar labari guda mai rassa. Daga Iron Man na 2008 zuwa fim ɗin Spider-Man da ya fito a tsakiyar 2019, finafinai 23 ne suke bin zare ɗaya, wato neman wasu duwatsu shida da mugun da ake kira Thanos yake son haɗawa don ya hallaka rabin halittu. Kowane fim yana iya tsayawa da ƙafarsa, amma wanda ya bi su a jere yana samun wani daɗin da mai tsinke ba zai samu ba, domin maganar da aka jefa cikin raha a fim na uku takan zama ginshiƙin labari a fim na goma sha biyar. Kamfanin Disney ya hango wannan tun da wuri, shi ya sa ya sayi Marvel a 2009 a kan kuɗi kusan dala biliyan 4, kuma Avengers: Endgame kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8 a gidajen sinima na duniya a 2019.

Sai dai ba ƙarfin jaruman ne yake riƙe mutane ba, kuma a nan ne masu raina waɗannan finafinai suke kuskure. Tun a shekarun 1960, lokacin da Stan Lee da masu zane irin su Jack Kirby da Steve Ditko suka ƙirƙiro yawancin waɗannan taurari a mujallun zane, sun ba kowannensu rauni irin na ɗan Adam. Spider-Man, wanda ya fara fitowa a 1962, maraya ne da yake zaune da matar baffansa, kullum cikin rashin kuɗi, kuma yana ɗauke da nauyin cewa sakacinsa ne ya jawo mutuwar mutumin da ya raine shi. Tony Stark, wato Iron Man, attajiri ne mai girman kai wanda ya yi arziki da sayar da makamai, sai da makaman kamfaninsa suka kusa kashe shi kafin ya dawo cikin hayyacinsa. Thor kuwa ɗan sarki ne da mahaifinsa ya kora daga gida saboda rashin kunya da gaggawa. Yaro yana kallon faɗa da tashi sama, babba kuma yana ganin ɗa mai taurin kai da uban da ya rasa yadda zai yi da shi, shi ya sa ake iya zama a tabarma ɗaya a kalla ba tare da wani ya gundura ba.

Na ga haka da idona a kan Black Panther na 2018. Baffana mutum ne da ba ya kallon komai sai labarai, kuma ya sha ce mana finafinan masu rigar ƙarfe aikin marasa abin yi ne. Wani dare ya shigo yana jiran a kawo masa tuwo, ya zauna a bakin kujera da carbinsa, bai ko cire hula ba, alamar ba zama ya zo yi ba. Sai aka zo wurin da baƙon saurayin nan ya shiga fadar Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka da labarin yake faruwa a cikinta, a ɗaure, ya tsaya gaban majalisar dattawa, ya faɗi sunan mahaifinsa, aka nuna zoben gidan sarauta, aka gane ashe ɗan ƙanin marigayi sarki ne, wanda sarkin ya kashe masa uba da hannunsa a Amurka, ya kuma bar yaron a can babu mai kula da shi. Baffa ya ajiye carbin a cinya ya ce, "Ai wannan rigimar gado ce, kuma yaron nan yana da gaskiya, hanyar da ya biyo ce ba ta da kyau." Tuwon ya huce a gabansa. Da aka gama sai ya shiga yi mana bayanin yadda zubar da ɗan'uwa yake komowa kan gida ko bayan shekara talatin, har ya lura da shigar wasu dattawan fadar da ya ce ta yi kama da ta Buzaye, wanda kuwa haka ne, domin mai tsara tufafin fim ɗin, Ruth Carter, daga al'adun Afirka daban-daban ta ɗebo, kuma ta ci kyautar Oscar a kan wannan aiki. Da labarin rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin sarkin Wakanda, ya zo a watan Agusta na 2020, Baffa ne ya fara kirana ya ce ya ji sarkin nan ya mutu.

Ba dole ba ne ka sayi duka 23 ɗin. Ka fara da Iron Man, ka bi da Captain America na 2011, sai The Avengers na 2012, sai Captain America na biyu da na uku, wato na 2014 da na 2016, sannan Black Panther, ka rufe da Infinity War da Endgame. Idan da sauran wuri a filas ɗinka, ka ƙara Guardians of the Galaxy na 2014 da Thor na 2017, saboda ba tare da su ba za ka ga wasu fuskoki a finafinan ƙarshe ka rasa daga ina suka ɓullo. Abin da ya biyo bayan 2019 kuwa kada ka yi gaggawarsa. Labarin ya watse cikin shirye-shirye masu dogon zango na talabijin, har ta kai sai ka kalli wani shirin kafin ka fahimci wani fim, kuma 'yan kallo da kansu sun nuna gajiya, domin The Marvels na 2023 shi ne ya fi kowane fim na wannan jeri ƙarancin ciniki.

DC kuwa, ba a hana su girmansu, su ne suka fara kawo Superman a 1938 da Batman a 1939. Amma kashin da na saya, wato Man of Steel na 2013 da Batman v Superman na 2016 da Justice League na 2017, sau ɗaya aka kalle shi a gidana. Hoton duhu ne, a ƙaramar talabijin da kyar kake gane wa yake dukan wa, jaruman kuma kowa fuska a murtuke. Justice League ma darakta biyu ne suka yi shi, ɗinkin yana bayyane, har sai da aka sake fitar da wani mai tsawon awa huɗu a 2021. Daga baya kamfanin ya naɗa sababbin shugabanni a 2022, suka koma farko da sabon Superman a 2025, ke nan labarin da za ka zuba wa kuɗi an riga an yi watsi da shi. Abin da zan ware kawai shi ne finafinan Batman uku na Christopher Nolan, na 2005 da 2008 da 2012. Waɗannan aiki ne na gaske, musamman na tsakiyar da Heath Ledger ya fito a matsayin Joker, amma na manya ne, ka ajiye su sai yara sun yi barci.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu turin finafinai, domin a nan ne kuɗi yake salwanta. Wasu suna sayar da filas da aka rubuta giga 128 a jikinsa alhali abin da yake ɗauka bai kai rubu'in haka ba. Za ka ga sunayen finafinan sun jeru lafiya, sai ka je gida ka tarar na farko-farko ne kawai suke buɗewa. Ka tafi da filas ɗinka da ka amince da shi, kuma kafin ka biya ka sa a buɗe maka na farko da na tsakiya da na ƙarshe, a ja kowanne zuwa tsakiyarsa ka ji ko murya tana tafiya daidai da baki. Idan ka ga hoton ya karkace, ko ka ji dariya da tari a bayan sauti, to da kyamara aka ɗauke shi a cikin sinima, kada ka karɓa ko kyauta ne.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan ɓoyuwa. Mai shago zai ce ya cika maka Marvel guda talatin, sai ya cusa Venom da Morbius da tsofaffin finafinan X-Men don adadi ya cika. Taurarin daga mujallun Marvel suke, gaskiya ne, amma wasu kamfanoni ne suka shirya finafinan, kuma ba sa cikin zaren labarin da na faɗa maka. Mafi muni shi ne a haɗa maka da Deadpool, wanda cike yake da ashar da zubar da jini, ko Joker na 2019 a ɓangaren DC, alhali ka ce da yara za ka kalla. Ka rubuta sunayen da kake so a takarda, ka ce waɗannan kaɗai za a tura. Ka kuma duba cewa ba a yanke ƙarshen fim ba, domin Marvel sukan ɓoye ɗan gajeren yanki bayan jerin sunayen ma'aikata, kuma sau da yawa shi ne yake haɗa wannan fim da na gaba, masu son rage nauyin fayil kuwa shi suke fara datsewa. Masu tallar rijistar manhajar kallo a farashi mai arha ta WhatsApp su ma ka kiyaye su, galibi asusu ɗaya suke raba wa mutane da yawa, bayan kwanaki kaɗan a canza lambar sirri, lambar wayar mai tallar kuma ta daina shiga.

Idan mai fassarar Hausa kake so saboda iyaye da ƙananan yara, ka saurari minti biyar tukuna, domin wasu masu fassarar suna barin labarin su kama barkwancin kansu. Ga Black Panther da Endgame dai ka nemi na asali ka ajiye a gefe, ko da ka karɓi mai fassarar.