Shamfu mai EDTA da ruwan zartsin unguwarmu

Tun da muka koma gidan da ruwansa na rijiyar burtsatse ne, gashina ya bushe, ya daina sheƙi, kuma duk ranar tsifa sai in ga mataji cike da karyayyen gashi. Ruwan zartsi ne, irin wanda sabulu ba ya kumfa da shi, wanda kuma yake barin farin ɓawo a gindin tukunyar dafa ruwa. Kalsiyam da maganiziyam da ke cikinsa su ne suke haɗuwa da sabulu su manne a jikin gashi, har man kaɗanya ya kasa ratsa shi.

Wata biyu ke nan ina amfani da shamfu mai sinadarin EDTA, wanda yake kama waɗannan ma'adinai ya fice da su lokacin ɗauraya. A wanki na biyu gashin ya yi laushi, mai kitso ma ta lura da haka tun ban faɗa mata ba.

Aibinsa shi ne yana busar da fatar kai idan an yawaita, shi ya sa nake amfani da shi sau ɗaya a mako biyu, in bi da mai nan take. Yana da tsada, amma na gamsu da shi.