Asibitocin VA na Amurka da firgicin bayan yaƙi: magani akwai, kaiwa gare shi ne aiki

Ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya ta Amurka, wadda kowa ke kira VA, tana da manyan asibitoci kusan 170 da ƙananan cibiyoyi sama da 1,100, kuma mutum fiye da miliyan 9 ne ke cikin rajistarta. Wannan sharhi ya tsaya ne a kan abu ɗaya: me sojan da ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan yake samu a wurinta idan barci ya ƙaurace masa, ƙarar rufe ƙofa tana zaburar da shi, ko'ina ya zauna sai ya jingina da bango yana kallon ƙofa. Likitoci na kiran wannan hali PTSD. A ganinmu maganin da VA ke bayarwa yana cikin mafi inganci da ake da su, amma mutane da yawa suna zubewa a hanya kafin su ci moriyarsa.

Ana farawa da fom ɗin rajista mai lamba 10-10EZ da takardar sallama daga soja, DD214. Dokar PACT ta 2022 ta ƙara wa'adin da wanda ya je fagen daga yake da shi na yin rajista cikin sauƙi daga shekara 5 zuwa 10 bayan sallama. Matsalar farko tana cikin DD214 ɗin kanta, domin a nan ake rubuta irin sallamar da aka yi wa mutum. Wanda firgici ya jefa shi shaye-shaye ko faɗa har aka sallame shi ba cikin girmamawa ba yakan ɗauka an rufe masa ƙofa, sai ya ƙi zuwa. Alhali da yawa daga cikinsu, musamman waɗanda suka je yaƙi, suna da haƙƙin kulawar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Gwajin farko tambayoyi biyar ne na e ko a'a. Idan suka nuna alama sai a wuce zuwa PCL-5, mai tambaya 20, kowace da maki 0 zuwa 4, jimla 80. Daga 31 zuwa 33 ake fara zargin cutar. Gwajin ba shi da laifi, sai dai soja ya saba cewa "lafiya lau", kuma wanda ya ɓoye ba takardar da za ta tono shi.

Inda VA ta fi burge mu shi ne jinyar baki da baki. Hanya biyu ce ta fi ƙarfi a kansu. Ta farko, CPT, zama 12 ne galibi, sau ɗaya a mako. Ana zaƙulo tunanin da ya maƙale wa mutum, irin "da na lura da wayar nan a gefen titi da abokina bai mutu ba", a rubuta shi, a auna shi da abin da ya sani a daidai lokacin, ba abin da ya sani yanzu ba. Ta biyu, PE, zama 8 zuwa 15 ne, kowane kusan minti 90. Mutum zai ba da labarin ranar da bakinsa, a naɗa, ya je gida ya riƙa saurare. Zai kuma jera wuraren da yake gudu, kamar babban kanti ko cunkoson motoci, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 100, ya fara shiga daga mafi sauƙi.

Dukansu suna aiki. Wani bincike da aka buga a 2022 a kan tsofaffin sojoji 916 ya nuna sauƙi a duka hanyoyin biyu, amma kusan rabin mutanen ba su kai ƙarshen jinyar ba. Dalilin a fili yake. Gudun tunawa shi ne tushen cutar, jinyar kuma tunawa take nema. A makonnin farko wasu barcinsu yakan ƙara lalacewa, sai gwiwa ta yi sanyi daidai lokacin da abin ya fara kamawa. Ga aiki, ga nisan asibiti, ga yara. Wanda ya san mako-mako zai gagare shi ya nemi ganawa ta bidiyo a VA Video Connect, ko tsarin da ake matse zaman cikin mako biyu ko uku, ko kuma jinyar rubutu ta WET mai zama biyar kacal. Ba kowane ma'aikaci ne zai ambata su da kansa ba, sai an tambaya.

A ɓangaren ƙwayoyi, ƙa'idar VA ta 2023 ta amince da sertraline, paroxetine da venlafaxine, kuma ta sa su a bayan jinyar baki. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji bambanci. Sukan rage sha'awar iyali, abin da maza ke jin nauyin faɗa, sai su yanke shan maganin farat ɗaya, jiri da baƙin rai su biyo baya. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin Xanax da Valium kuwa ƙa'idar ta hana, domin suna kama jiki kuma ba sa warkar da firgicin. Prazosin, maganin hawan jini da ake bayarwa don munanan mafarkai, ana fara shi da miligiram 1 da dare saboda yana sa jiri idan an miƙe tsaye. Wasu yana yi musu, amma gwajin 2018 a kan mutum 304 bai nuna ya fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba.

Jiran layi tsohon tabo ne. Badaƙalar asibitin Phoenix ta 2014, inda aka ɓoye jerin masu jira, ita ta ci kujerar sakataren VA na lokacin, Eric Shinseki. Bayan dokar MISSION ta 2018, idan jira ya wuce kwana 20 ko tafiyar mota ta wuce minti 30, ana iya tura mutum wurin likitan waje a kuɗin VA. Sai dai dole izinin ya fito tukuna, in ba haka ba takardar kuɗi ta iske shi a gida. Kuma a tambayi likitan wajen kai tsaye ko ya koyi CPT ko PE, don da yawa hira kawai suke yi.

Mu dai da za a bi ta tamu, Vet Center, wato ƙananan cibiyoyin ba da shawara na VA da ke cikin gari, su ne ƙofar farko. An kafa su a 1979 saboda sojojin Biyetnam, yanzu sun kai kusan 300. Kyauta ne, ba sai da rajistar asibiti ba, bayanan mutum suna zama daban da na asibiti, mata da 'ya'ya ma suna samun shawara, ma'aikata da yawa kuma su ma sun taɓa sa kaki. Ba sa rubuta magani, wannan sai asibiti.

Idan abu ya yi tsanani, a buga 988 a danna 1, ko a tura saƙo zuwa 838255. Tun 17 ga Janairun 2023, wanda ya cancanta kuma yake cikin haɗarin kashe kansa zai iya shiga kowane sashen gaggawa, na VA ko na waje, kyauta, har kwana 30 a kwance da kwana 90 yana zuwa daga gida. Fiye da kashi 70 cikin 100 na tsofaffin sojojin da ke kashe kansu da bindiga suke yi, shi ya sa VA ke raba makullin bindiga ba ko sisi.

Kuɗin nakasa wani reshe ne daban, da fom 21-526EZ. Likitan da ke gwada mai neman kuɗin nan ba ya jinya, maki yake taimakawa a yanke: 0, 10, 30, 50, 70 ko 100, gwargwadon yadda cutar ta taɓa aiki da zaman iyali. Masu zuwa da kunya suna rage labari sukan fito da maki ƙasa da halinsu. Gara a je da rubutacciyar shaidar mata ko abokin fagen daga, a kuma bayyana yadda mafi munin mako yake kasancewa, ba yadda aka tashi ranar gwajin ba.