Fikof mai zafi ko irin na PAF, wanne za a sa wa jita mai araha?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jitar lantarki) za ka sa wa jitarka mai araha don ka samu sautin tsohon rok. Tsakanin mai zafi na siramik, wato mai fitar da sauti da ƙarfi sosai, da irin na PAF, wato kwaikwayon tsohon fikof ɗin kamfanin Gibson, PAF ɗin za ka ɗauka. Duka biyun na taɓa ɗaura su a jita ɗaya, wata mai araha ƙirar Les Paul da nake kaɗawa har yau.

Mai zafin na fara saya, don a lokacin gani nake rok ai ƙarfi ne kawai. Na auna naɗin wayarsa da mita, wajen 16k, wato ohm dubu 16. In kiɗan metal ne a gabanka zai yi maka aiki, amma a hannuna duk abin da na kaɗa dunƙulewa yake yi ya zama curi guda. Wata uku na cire shi, kuɗina dai sun tafi.

Daga baya na samu Seymour Duncan '59 wanda irin na PAF ne, na sa a wajen gada, inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jita. Daren da na gama liƙa shi da dalma na jona amfilifaya, na kaɗa tsirkiyoyin shida gaba ɗaya, sai na ji kowace tana fita da muryarta. In na taɓa a hankali sautin ya fito garau, in na danna da ƙarfi ya yi gurnani. Wallahi ban ajiye jitar nan ba sai da yatsuna suka fara zafi, ashe na yi awa uku a zaune. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. PAF na asali, wato hambakar (fikof mai naɗi biyu) da Seth Lover ya ƙera wa Gibson, wadda ta hau Les Paul a 1957, naɗin wayarta bai da yawa, yawanci tsakanin 7.5k da 8.5k, maganaɗisunta kuma alniko ne. Gurnanin da kake ji wurin makaɗan jitar rok irin su Jimmy Page da Paul Kossoff daga amfilifayar da aka ƙure wa murya yake fitowa, fikof ɗin aikinsa ya miƙa sauti a buɗe. Na san Super Distortion, fikof mai zafi na kamfanin DiMarzio, tun 1972 yake, kuma ya shiga rok sosai, amma sautin rok ɗin da kake bi ya girme shi.

Sai dai kar ka sa fikof mai kyau ka bar tsohon wayarin, a nan mutane da yawa ke yin asara. Fot ɗin (na'urar da ke ƙarƙashin maɓallin da ake juyawa) da ya zo da jitata an rubuta masa 500k, da na ɗora mita 410k na gani, ga shi in ka juya daga 10 zuwa 8 murya ta dushe kamar an rufa mata bargo. Na canza fot-fot ɗin da na kamfanin CTS masu 500k, na sa kafasita 0.022, sannan na yi wayarin irin na shekarun 1950, wato kafasitar ta koma ƙafar tsakiya ta fot ɗin murya. Wannan ɗan sauyin shi ya fi burge ni. Yanzu ina rage murya zuwa 6 sautin ya wanke tas kaifinsa bai tafi ba, in lokacin solo ya yi in buɗe zuwa 10. Ai haka makaɗan tsohon rok suke yi, yatsa ɗaya kullum na kan maɓallin murya. Illarsa guda, in ka rage ton, wato maɓallin kaifin sauti, murya ma takan ɗan sauka, amma za ka saba. Ka kuma sani wuyan CTS ya fi ramin yawancin jitoci masu araha kauri, sai an ɗan faɗaɗa ramin a hankali don kar fenti ya tsage, tsofaffin maɓallan ma ƙila ba za su hau ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Jabun fikof masu tambarin manyan kamfanoni sun cika intanet, kwali da sitika duk kamar gaske. In farashin ya yi araha fiye da kima, guje shi. In na hannu ne, ka ce a nuna maka hoton bayansa da hoton mita tana auna shi. Wanda ya fara kame-kame, rabu da shi. Maganaɗisun alniko yana da hasken ƙarfe, na siramik baƙi-baƙi ne, wasu kuwa siramik suke sawa su kira shi alniko. Haka masu tallar kafasita wai tsohuwa ce ta zamanin da, su tsuga mata kuɗi. Sabuwa mai lamba daidai ta ishe ka.

In kuɗin ba za su kai duka ba, fara da fot da kafasita da jak (inda ake jona wayar amfilifaya), sai fikof ɗin gada. Fikof ɗin wajen wuyan jita ya jira wata mai zuwa.