Machinery's Handbook: babba ne, amma ba shi za ka fara saya ba

Duk mai sassaƙar ƙarfe da ya tashi tara littattafan sana'a, Machinery's Handbook ake fara nuna masa. Kamfanin Industrial Press na Amurka ya fara buga shi a 1914, bugu na 32 ya fito a 2024, shafukansa sun kusa 3,000. Na yi aiki da shi sosai. A ganina ya cancanci kuɗinsa, amma na uku ko na huɗu ya kamata ya zo a jerin saye.

Littafin jadawali ne, ba ya koyar da hannu. Inda ya fi ƙarfi shi ne lissafin haƙoran giya, awon Morse (na tsukakken gindin abin huda da ke shiga inji), ramin ki a jikin shaf, da sararin da ake bari tsakanin ƙarfe biyu masu shiga juna. Ɗauki boris mai lamba 6204: cikinsa milimita 20, wajensa 47, kaurinsa 14. In gidansa H7 ne (lambar da ke nuna iyakar awon rami), ramin zai tsaya tsakanin milimita 47.000 da 47.025, sararin bai kai kaurin silin gashi ba. Ka wuce haka, boris ya riƙa juyawa a gidansa yana cinye shi. Ka gaza, ka buga shi da guduma, ya matse ya ɗau zafi. Irin wannan ba a cankarsa da ido.

Aibinsa na farko, da idon Ba'amurke aka rubuta shi: inci ne a gaba, milimita na biye. Ƙarfe ma da sunan Amurka yake kiransa, 1045 ko 4140, alhali zanen Jamus C45 zai ce wa na farko, na Ingila kuma EN19 zai ce wa na biyu. Rubutun ƙaramin bugun ƙanana ne ƙwarai, takardar kuma ba ta da kauri, yatsa mai baƙin mai ya taɓa ta shi ke nan. In idonka ya fara gajiya, nemi bugun manyan haruffa. Sannan gudun yankan da ya bayar na inji mai ƙarfi ne marar girgiza. Ƙarfe mai taushi mai faɗin milimita 50, da wuƙar HSS (ƙarfen yanka mai jure zafi) a gudun mita 30 a minti, zagaye 190 ke nan a minti. A kan tsohon injin sassaƙa na Colchester da gadonsa ya sha jiki, rage kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba aikin ya fito da zane-zane.

Abin da hannu ke kai wa kullum shi ne ɗan littafin aljihun nan na Zeus, na Ingila, mai shafuka masu rufin leda da ake gogewa da tsumma. Shi za ka fara saya. Ramin da za a huda kafin a yanka tiredi yana ciki: M6 (bol mai kaurin milimita 6) milimita 5, M8 6.8, M10 8.5, M12 10.2. Ga kuma Whitworth, tsohon tiredin Ingila, wanda har yanzu ake cin karo da shi a tsofaffin injinan Lister. A nan ake faɗawa rami. Bol ɗin 3/8 na Whitworth da na UNC (tiredin Amurka) duk haƙori 16 ne a inci, noti zai hau, amma kusurwar na farko digiri 55 ce, ta biyu 60, riƙon ba zai cika ba. A rabin inci kuwa 12 ne da 13: noti ya ɗan shiga ya cije, mai gaggawa ya sa sifana ya kashe tiredin.

Na koyon hannu, How to Run a Lathe na kamfanin South Bend ya isa wajen wasa wuƙa da daidaita ta a tsakiyar aiki. Workshop Technology na Chapman ya fi shi bayanin dalili. In tiredi ne abincinka, ƙara da Screwcutting in the Lathe na Martin Cleeve. Zai fahimtar da kai amfanin giya mai haƙori 127 wajen yanka tiredin milimita a injin inci (25.4 sau 5 ke nan), da dalilin da ba a sakin notin da ke kama doguwar sandar tiredi sai an gama, baya ake mayar da injin.

Kada ka damu da sabon bugun Machinery's Handbook. Awon tiredi da na Morse bai sauya ba, na hannu daga shekarun 1980 zai yi maka aiki. Abin da ya sauya shi ne wuƙaƙen kabaid, kuma kundin kamfanin Sandvik mai ƙera su ya fi shi bayaninsu, kamar yadda na kamfanin SKF ya fi shi a kan boris, duka biyun kyauta a intanet. In na hannu za ka saya, duba fihirisar baya ta cika, don ba ta ba za ka sami komai a ciki ba. Ka guji kwafin hoto mai dishi-dishi, a nan 3 ke komawa 8, ɗigon da ke cikin 0.025 ya ɓace.