Wata tara da Behringer UMC1820 a ɗakin da nake naɗar waƙa

Shekara huɗu na yi ina naɗar waƙa a gida da ƙaramin saunkad (na'urar da ke shigar da sautin makirufo da kayan kiɗa cikin kwamfuta) mai kafa biyu, kuma ban taɓa raina shi ba. Murya da jita, ya ishe ni. Ya fara yi mini kaɗan ne da muka zama mu huɗu: mai ganguna, mai jitar bas, mai kibod, sai ni da nake rerawa. Dole kowa ya shiga shi kaɗai, ya ɗora a kan abin da na gabansa ya bari. Waƙar takan fito tsaf, amma ba rai, domin mai bas bai ga hannun mai ganguna ba a lokacin da zai sauka. Gangunan kuwa, makirufo biyu nake rataya musu a sama, abin da suka kama shi ke nan. In babbar ganga ta nutse a cikin ƙarar farantan ƙarfen da mai ganguna ke bugawa, ba ni da yadda zan tsamo ta.

Wannan ya sa na nemi mai kafofi da yawa wanda aljihuna zai iya ɗauka. Na duba Tascam US-16x08, na duba Focusrite Scarlett 18i20, daga ƙarshe na tsaya a kan Behringer UMC1820. Yau wata tara ke nan yana gabana.

Abu na farko da nake so mai niyyar saye ya gane shi ne lissafin da ke cikin sunan. 18 na nufin hanyoyin shiga, 20 na fita, to amma ba makirufo goma sha takwas za ka soka ba. Kafofin makirufo takwas ne, biyu a gaba, shida a baya. Sauran goman na dijital ne: takwas ta ADAT, biyu ta S/PDIF, kuma sai ka haɗa wata na'urar kafin su yi maka amfani. Haka kusan duk kamfanoni suke ƙirga nasu. Saboda haka in kana kwatanta saunkad, ƙyale manyan lambobin kwali, ka ƙirga ramukan XLR, wato inda ake soka makirufo, da idonka.

Takwas ɗin nan kuwa sun canza mini aiki gaba ɗaya. Ranar farko na ba ganguna huɗu: ɗaya a bakin babbar ganga, ɗaya a kan ƙaramar gangar siniya (snare), biyu a sama. Bas ya shiga kai tsaye, na danna maɓallin da ke mai da kafar ta kayan kiɗa. Kibod ya ci biyu, hagu da dama, murya ta ɗauki ta ƙarshe. Muka buga sau uku. Na ukun ne ya zauna, har mai ganguna ya ɗaga sanda sama yana murmushi kafin ƙarar farantin ta mutu. Da muka saurara sai ga kuskure guda a baiti na biyu, yatsan mai bas ya zame. A da, da an ce a sake daga farko, kuma wannan zafin ba zai dawo ba. Yanzu layinsa daban yake a Reaper, manhajar da nake naɗi da ita. Ya sake buga daƙiƙa biyar ɗin, na liƙa, ko shi kansa bai iya nuna wurin ba daga baya. Tun a ranar na san kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sautin kansa wankakke ne. Abubuwan ƙara wa makirufo ƙarfi da ke ciki ƙirar Midas ne, ba sa ƙara wa murya wani ado, ba sa kuma rage mata. A ma'aunin ingancin naɗi, yana naɗa a bit 24, har zuwa kilohaz 96, amma ni a 48 nake zama, don kunnena bai taɓa neman fiye da haka ba kuma fayilolin ba sa kumbura. Ko a haka, layi takwas na cin kusan megabait 69 a minti ɗaya. Wani abokina ya so ya tsorata ni da cewa USB 2.0 tsohon yayi ne. Lissafi ya raba gardama: layi 18 a wannan ma'auni ba su wuce megabit 21 a daƙiƙa ba, hanyar kuwa an gina ta ne a kan 480.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne maganar jinkiri. Duk wanda ya taɓa rera waƙa yana jin muryarsa tana biyo shi a baya cikin hedifon ya san yadda abin yake dagula lissafi, sai ka ga mawaƙi yana jan baiti ba da son ransa ba. A gaban na'urar akwai abin murɗawa guda da ke gauraya sautin da ke shigowa kai tsaye da wanda kwamfuta ke dawowa da shi. In na karkata shi wajen shigowa, muryar ba ta bi ta kwamfuta ba balle ta makara. In kuma mawaƙi ya nace sai ya ji ɗan amsa-kuwwa a kunnensa, sai in sauke bafa (yawan ƙwayoyin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa) zuwa 128, wato ƙasa da kashi uku cikin dubu na daƙiƙa a kowane zubi, in an gama in mayar 512 ko sama don kwamfutar ta huta wajen gauraya. Masu Windows su sauke direban ASIO na na'urar (manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta) kafin komai. A Mac sokawa kawai ake yi.

Kafar hedifon biyu ce, kowace da ƙarfinta, kuma kowace na iya zaɓar fita ta 1-2 ko ta 3-4. Da wannan nake aika wa mai ganguna ƙwanƙwasar awon lokaci da ƙarfi, ba tare da ta cika kunnen sauran ba. Mu huɗu ne, don haka na ƙara ƙaramin abin raba hedifon.

Akwai tsarin da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya jera wayoyinsa. Wutar fantom ta bolt 48, wadda nau'in makirufon da ake kira kondensa ke buƙata, rukuni-rukuni take kunnuwa: 1 zuwa 4 maɓalli ɗaya, 5 zuwa 8 wani. Ni sai na tara masu buƙatarta a rukuni guda, sauran a ɗayan, na manna farar takarda a kan kowace waya da lambarta. Mai nau'in makirufon da ake kira ribon ya kula da wannan sosai, domin wasunsu wutar na iya lalata su. Kuma na'urar da wayar wutarta take zuwa, faɗinta na rak ne (kantar jera na'urorin situdiyo), inci 19. Ta zama ce a tebur, ba ta jefawa a jaka ba.

Wanda murya kawai yake ɗorawa a kan kiɗan da ya haɗa a manhajar FL Studio, gaskiya ba ya buƙatar wannan. Ya riƙe mai kafa biyunsa, ko ya hau UMC404HD mai huɗu, ragowar kuɗin ya sa a makirufo mai kyau da gyaran ɗaki. Kafa takwas na nufin makirufo takwas, waya takwas, sanduna takwas, kuma kowanne zai kwaso amon bangon ɗakinka yadda yake.

Watan jiya na aro ADA8200, na'urar ƙara kafofin makirufo takwas, na haɗa ta wayar haske ta ADAT, kafofin makirufo suka zama 16. Sharaɗin shi ne a zauna a 44.1 ko 48, don a 96 ADAT layi huɗu kawai yake ɗauka, sannan na'ura ɗaya ta ja agogon dijital da ke daidaita tafiyarsu, ɗayar ta bi. In ba haka ba za ka ji ƙas-ƙas a cikin sautin. Mun sa masu amshi uku kowa da makirufonsa, ƙananan ganguna ma kowace ta samu nata, har kafa biyu suka rage ba kowa. Su na ajiye wa mai sarewar da zai zo ranar Asabar.